Yadda Ake Tantance Labarin ECOWAS, Ƙawancen Sahel da Manyan Ƙasashe Daga Bakin Iyakar Katsina

Duk wanda ke zaune a Katsina ko Daura ya san cewa shawarar da shugabanni suka yanke a Abuja ko a Yamai ba ta daɗewa kafin ta iso kasuwar Jibiya da ta Mai'aduwa, domin ko dai farashin wake ya motsa, ko 'yan canji su sauya kuɗin sefa, ko kuma a wayi gari a ga manyan motoci sun yi jerin gwano a Magama babu mai gaba babu mai baya. Tun daga juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, labarai a kan ƙungiyar ECOWAS, da ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, da Faransa, da Rasha, da Amurka sun yi yawa har sun fi ƙarfin mai sauraro, kuma mafi yawansu suna zuwa ne da zafi, kowanne da ɓangaren da yake karewa. An rubuta wannan jagora ne domin malamin da ke koyar da darasin gwamnati, da ɗalibin jami'a da aka ba aikin bincike, da mai gabatar da shiri a rediyo, da kuma ɗan kasuwar da ke son sanin ko zai ɗora kaya zuwa Maraɗi ko ya dakata. Abin da ake buƙata bai wuce littafin rubutu ɗaya da taswira da ɗan haƙuri ba.

Ka fara da jera ranaku

Rabin ruɗanin da ake yi a wannan batu yana fitowa ne daga cakuɗa abin da ya riga da abin da ya biyo baya. Saboda haka shafukan farko na littafinka su zama na ranaku zalla, ba tare da ra'ayi ba. Ka rubuta cewa a ranar 30 ga Yuli, 2023, shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja suka ba sojojin Nijar wa'adin kwana bakwai su maido da hamɓararren shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar a farkon watan Agusta. Ka rubuta cewa a ranar 16 ga Satumba, 2023, Mali da Burkina Faso da Nijar suka sa hannu a kan yarjejeniyar Liptako-Gurma wadda ta kafa AES a matsayin ƙawancen tsaro, cewa a ranar 28 ga Janairu, 2024, suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS, cewa a ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin, cewa a ranar 6 ga Yuli suka mai da ƙawancen nasu tarayya a taron Yamai, kuma cewa ficewar ba ta tabbata a hukumance ba sai ranar 29 ga Janairu, 2025.

Amfanin wannan aiki yana bayyana ne idan aka zo maganar iyaka. Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren a ranar 13 ga Maris, 2024, amma Nijar ba ta buɗe nata ba sai ranar 22 ga watan, wato duk wanda ya ji labarin farko ya yi lodi, ya kwana tara yana kallon shinge. Ka kuma koma baya kaɗan ka rubuta cewa a watan Agusta na 2019 Najeriya ce da kanta ta rufe iyakokinta na tudu, alhali ita da Nijar duk suna cikin ECOWAS kuma babu wani juyin mulki. Da aka tashi buɗewa a watan Disamba na 2020, an buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, amma Jibiya sai da ta jira har watan Afrilu na 2022. Don haka duk lokacin da ka ji an ce an buɗe iyaka, tambayoyi uku ne a gabanka: wace ƙasa ce ta buɗe, wace ƙofa, kuma ga mutane ne ko har da kaya.

Ka warware igiyar, ka ga tufka nawa ce

Dangantakar Najeriya da Nijar kamar igiya ce mai tufka da yawa, wadda idan zare ɗaya ya tsinke ba lallai ba ne guga ya faɗa rijiya. Aikinka shi ne ka ware wa kowane zare shafinsa, domin kowane labari da zai zo maka ɗaya ko biyu kawai yake taɓawa.

Zare na farko shi ne ECOWAS kanta, wadda aka kafa da yarjejeniyar Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo. Daga gare ta ne aka samu yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana casa'in ba tare da biza ba, da tsarin sassauta haraji ga kayan da aka samar a cikin yankin, da kuma yarjejeniyar 2001 a kan dimokuraɗiyya wadda ita ce madogarar hukunta masu juyin mulki. Na biyu shi ne ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa, wadda babban bankinta yake Dakar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS amma ba su fice daga wannan ba, kuma mutane da yawa da ke zazzafar muhawara a majalisa ba su lura da haka ba. Na uku shi ne Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 kuma ofishinta yake Yamai. Ita ba ta rataya ga ECOWAS ba ko kaɗan, domin ta girme ta. Sai Hukumar Tafkin Chadi ta 1964 da rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙar Boko Haram a ƙarƙashinta, wadda Nijar ta sanar da janyewa daga cikinta a watan Maris na 2025. Sai Tarayyar Afirka, wadda ta dakatar da Nijar a watan Agusta na 2023. Sai wutar lantarki, wadda kafin rikicin kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi daga Najeriya yake fitowa, kuma ɗaya daga cikin layukan daga nan Katsina ya tashi zuwa Gazawa domin ciyar da Maraɗi da Damagaram.

Akwai kuma zaren da ya girmi duk waɗannan, wanda ba a sa masa hannu a wani taro ba. Bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na Haɓe ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, kuma har gobe sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi tana nan. Zuriyar sarakunan Daura na dā sun zauna a Zango da Baure kafin Turawa su maido da su birnin Daura a farkon ƙarni na ashirin. Ita kuwa iyakar da ta raba mu, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kuma babban dalilin da ya sa aka matso da layin kudu a 1904 shi ne koken Faransa cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Chadi. Wannan tarihi ba ado ba ne a cikin bincikenka. Shi ne ya bayyana dalilin da ya sa a watan Agusta na 2023 Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja, ganin cewa jihohi bakwai, daga Kebbi har Borno, suna jingine da Nijar a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500. Shi ne kuma ya bayyana yadda Muhammadu Sanusi na Biyu da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka samu ganin shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, a daidai lokacin da ƙofa take rufe ga jakadun manyan ƙasashe.

Ka bambanta niyya da sa hannu da fara aiki

Shugabanni ba sa tashi daga taro ba tare da sanarwa mai daɗi ba, saboda haka ka saba wa kanka da neman matakin da magana ta kai. Akwai abin da aka ce za a yi, akwai wanda aka amince da shi, akwai wanda aka sa wa hannu, akwai kuma wanda ya fara aiki har jami'in kwastan da ke Kwangwalam ya samu takarda a kansa. Kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS mai suna Eco ya isa misali, domin an sha sa masa rana ana ɗagawa, har da 2015 da 2020, yanzu kuma ana maganar 2027. Haka za ka auna maganar sabon kuɗin AES duk lokacin da ta taso, ka tambaya ko an kafa babban banki, ko an faɗi abin da zai tsaya wa kuɗin, ko an sa ranar daina karɓar sefa.

Inda takarda take samuwa, ka neme ta ka karanta da idonka. Lokacin da ƙasashen uku suka ce ficewarsu ta fara aiki nan take, sashe na 91 na yarjejeniyar ECOWAS da aka sabunta a Kwatano a 1993 ya tanadi cewa sai an ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa aka kai Janairun 2025. A ranar da ficewar ta tabbata kuma, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su bar musu damar zirga-zirga, su kuma ci gaba da sassauta wa kayansu haraji har sai an ba da wata sanarwa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce za ka ja wa layi, domin tana nufin cewa abin da dā yake haƙƙi ne a rubuce yanzu ya koma alfarma ce da ake iya janyewa.

Ka tambayi wanda ke biyan kuɗi

Ƙungiyar da ba ta da aljihun kanta ba ta da bakin kanta. ECOWAS tana rayuwa ne da harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, kuma Najeriya ce ke ɗauke da mafi nauyin kaso, abin da ya sa muryarta ta fi ta kowa kauri. Rundunar G5 Sahel ta ƙasashe biyar na Sahel mai yaƙi da 'yan ta'adda, wadda aka kafa ƙungiyarta a 2014, ta dogara ne da alkawuran Turai, kuma ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba har Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina Faso suka bi ta a ƙarshen 2023. AES ta sanar da nata harajin na rabin kashi ɗaya a watan Maris na 2025, ta kuma yi maganar runduna mai soja 5,000. Idan kana son sanin makomar wannan runduna, kada ka tsaya kallon fareti. Ka bi sawun wanda ke biyan albashi da man jirgi da kuɗin jinyar wanda ya ji rauni.

Manyan ƙasashe: me suke so, me suka ajiye a ƙasa

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin an saba raba duniya gida biyu, masoya da maƙiya, alhali kowace babbar ƙasa da lissafinta take zuwa. Ga kowace ɗaya ka buɗe shafi ka rubuta abu huɗu: abin da take nema, abin da ta ajiye a ƙasa wanda ido ke gani, abin da ake biyan ta da shi, da abin da za ta rasa idan ta tafi.

Faransa ta kwashe sojojinta daga Mali a 2022, daga Burkina Faso a farkon 2023, sannan ta kwashe kimanin 1,500 daga Nijar a watan Disamba na 2023. Kamfaninta na Orano, magajin waɗanda suka haƙi yuraniyom a yankin Arlit tun 1971, ya rasa lasisin mahaƙar Imouraren a watan Yuni na 2024, kuma bayan shekara guda gwamnatin Nijar ta karɓe Somair, kamfanin haƙar yuraniyom da Orano ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa. Wannan koma baya ne na gaske. Amma ka rubuta a ƙasan shafin cewa har yanzu sefa tana ɗaure da yuro a kan ƙayyadadden farashi, kuma cewa janyewar ba ta tsaya a kan ƙasashen da sojoji ke mulki ba, tun da Chadi da Senegal da Kodebuwa duk sun karɓi sansanoninsu a 2025. Amurka kuwa ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, Nijar ta soke yarjejeniyar a watan Maris na 2024, aka kammala ficewa a watan Satumba. Ita ce kuma ta sayar wa Najeriya jiragen Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021, wato ba ta bar yankin ba, ta dai sake wurin zama.

Rasha ta shigo ta ƙofar tsaro. Mayaƙan Wagner, sojojin haya na Rasha, sun isa Mali a ƙarshen 2021, masu horar da soja sun sauka a Yamai a watan Afrilu na 2024, daga baya kuma rundunar Africa Corps, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha, ta gaji aikin. A nan ra'ayina shi ne a yi wa Rasha awo da mudun da aka yi wa Faransa: idan an tuhumi waccan da shekara goma tana yaƙi ba tare da an samu zaman lafiya ba, to ita ma wannan a tambaye ta garuruwa nawa aka ƙwato, hanyoyi nawa suka buɗe, kuma fararen hula nawa suka mutu a hannun wa. Asarar da sojojin Mali da Wagner suka yi a Tinzawaten da ke arewacin Mali a watan Yuli na 2024 tana cikin lissafi, kamar yadda karɓe garin Kidal da suka yi daga hannun 'yan tawaye a watan Nuwamba na 2023 take ciki.

China ba ta da yawan magana amma ta fi kowa ajiya a ƙasa. Kamfaninta na CNPC ne ya gina matatar mai ta Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, shi ne kuma ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin. A watan Afrilu na 2024 ya ba Nijar rancen dala miliyan 400 a kan man da za a fitar, amma hakan bai hana gwamnatin Yamai korar manyan jami'an kamfanonin man China guda uku a watan Maris na 2025 ba. Turkiyya ita ma ta samu shiga da jiragenta na Bayraktar, waɗanda Nijar ta saya tun zamanin Bazoum.

Bayan ka cika waɗannan shafuka, ka ɗauko taswira ka duba abin da babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da zai iya sauyawa. Nijar ba ta da teku. Hanyarta mafi kusa ita ce ta Kwatano, kuma da ta ƙi buɗe iyakarta da Benin sai kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo mai haɗari wadda sau da yawa sai da rakiyar soja. Man da take taƙama da shi ma ta ƙasar Benin yake fita. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi ba za ta taɓa rasa daraja ba, ko wace tuta aka ɗaga a Yamai.

Ka kwatanta da wasu, amma da taka-tsantsan

Hanya mafi sauƙi ta gane ko abin da ke faruwa a nan baƙon abu ne ita ce duba ƙasashen da suka fito daga rushewar Tarayyar Sobiyet a watan Disamba na 1991. Su ma sun kafa ƙungiyar CIS domin kada rabuwar ta zama yaƙi, sun kafa ƙawancen tsaro na CSTO, sannan a 2015 suka kafa tarayyar tattalin arziki ta Yurashiya. Jojiya ta ba da sanarwar ficewa daga CIS bayan yaƙinta da Rasha a 2008, ta jira shekara guda kafin ficewar ta tabbata, kuma ta ci gaba da aiki da yarjejeniyoyi da dama da aka ƙulla a ƙarƙashin ƙungiyar. Uzbekistan ta bar ƙawancen tsaron a 1999, ta dawo a 2006, ta sake fita a 2012, abin da ke nuna cewa fita ba lallai ba ne ta zama ta har abada. Armeniya ta dakatar da shiga harkokin CSTO a 2024 saboda ganin cewa ba a kawo mata ɗauki ba a rikicinta da Azarbaijan, amma ta zauna daram a tarayyar tattalin arzikin, kamar dai yadda Nijar ta bar ECOWAS ta riƙe sefa. Kirgizistan ta yi shekaru tana ɗauke da sansanin Amurka a Manas da na Rasha a Kant a lokaci guda, har aka rufe na Amurka a 2014.

Inda kwatancen ya tsaya kuwa dole ne ka faɗe shi, in ba haka ba za ka ɓatar da masu sauraronka. A can, tsohuwar uwar daular ita ce babbar maƙwabciya, tana cikin ƙungiyoyin kuma ita ke jan ragamarsu. A nan, Faransa da Ingila suna can ƙetaren teku, babbar maƙwabciya kuwa, wato Najeriya, ba ta taɓa yi wa Nijar mulkin mallaka ba, ita ma mallakar ta aka yi. Haka kuma sojojin CSTO da suka shiga Kazakistan a watan Janairu na 2022 shugaban da ke kan mulki ne ya gayyace su, saɓanin barazanar tura soja da ECOWAS ta yi wa masu mulki a Nijar. Ko a tarihin ECOWAS, nasarar tura soja Gambiya a 2017 ta samu ne a ƙaramar ƙasa da Senegal ta kewaye, ba a ƙasar da ta fi Najeriya faɗi ba.

Ka kai labarin bakin iyaka ka gwada shi

Wannan ita ce garaɓasar da mutumin Katsina yake da ita a kan mai sharhi da ke zaune a Abuja ko Paris. Ka fara da canji. Yuro ɗaya sefa 655.957 ce, ba ta hawa ba ta sauka. Idan ka san farashin yuro a naira a ranar, ka raba shi da wannan adadi, ka ninka sau dubu, za ka samu abin da ya kamata jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta kai. A misali, idan yuro tana naira 1,700, jaka za ta kama kusan naira 2,590. Ka je wurin 'yan canji ka ji nawa suke bayarwa. Idan nasu ya yi daidai da lissafinka, to tashin da sefa ta yi labarin faɗuwar naira ne, musamman tun bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, ba shaida ba ce ta cewa tattalin arzikin Nijar ya yi ƙarfi. Idan kuwa ka ga tazara mai yawa, to akwai abin da ke faruwa a hanya, ko dai takardar sefa ta yi ƙaranci ko kuma fatake sun daina tsallakawa.

Daga nan ka nufi tasha. Ka gaisa da direban da ya dawo daga Maraɗi ta Ɗan Isa, ko daga Damagaram ta Kwangwalam, ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, shinge nawa kuka tarar yau, wace takarda aka tambaye ku, kuma an bar kayan abinci sun wuce?" Kada ka tsaya a kan mutum ɗaya, kuma kada ka rubuta sunan kowa. Ka haɗa amsarsu da yawan dabbobin da suka shigo kasuwar Mai'aduwa da farashin buhun wake da na gero, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan 'yan watanni za ka ga cewa wasu sanarwoyi masu ƙara ba su motsa komai ba, wata takarda kuma da gwamnan jiha ko ministan kasuwanci ya fitar shiru a kan hana fitar da hatsi ita ce ta girgiza kasuwa.

A fannin tsaro ma gwajin ɗaya ne. 'Yan bindigar da ke yawo tsakanin dajin Rugu da dazuzzukan kudancin Maraɗi ba su san shinge ba, kuma tun 2019 dubban mutanenmu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka nemi mafaka a jihar Maraɗi. A watan Satumba na 2019 gwamnonin jihohin uku sun je Maraɗi sun zauna da takwaransu a kan batun. Abin da za ka nema a kowane lokaci shi ne ko jami'an ɓangarorin biyu suna musayar bayanai, ko ana sintirin haɗin gwiwa, ko ana maido da shanun da aka sace aka tsallaka da su. Bayyanar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, wadda rundunar sojan Najeriya ta sanar a watan Nuwamba na 2024, ta zo ne a lokacin da wannan haɗin kai ya yi rauni.

Game da inda labari ya fito

Kowace kafa da mai ita. BBC ta Ingila ce, RFI ta Faransa, DW ta Jamus, TRT ta Turkiyya, Tele Sahel ta gwamnatin Nijar, kuma sanin haka ba ya nufin ƙaryata su, yana nufin kada ka rubuta abu a matsayin tabbas sai ka ji shi daga kafofi biyu da ba sa ga-maciji da juna. Ka kuma tuna cewa Nijar ta dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a watan Disamba na 2024, saboda haka shiru daga can ba koyaushe yake nufin lafiya ba. Saƙon murya na WhatsApp da ba shi da suna ba shi da rana, ka ajiye shi a shafin jita-jita har sai wani abu ya tabbatar da shi.

Ga yadda shafi ɗaya zai kasance idan an gama shi. A ƙarshen Disamba na 2024 Janar Tiani ya yi hira da Hausa inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa domin hargitsa Nijar. A ƙarƙashin nau'in labari za ka rubuta zargi ne. A ƙarƙashin martani za ka rubuta cewa mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta, shi ma da Hausa, abin da ke nuna cewa dukansu biyu mu ne suke so mu ji. A ƙarƙashin zaren da aka taɓa za ka rubuta amincewa tsakanin sojojin ƙasashen biyu. A ƙarƙashin abin da ya biyo baya za ka rubuta abu biyu masu karo da juna, wato janyewar Nijar daga rundunar Tafkin Chadi a watan Maris na 2025, da kuma ziyarar ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar zuwa Yamai a watan Afrilu, inda aka amince a farfaɗo da Hukumar Haɗin Gwiwa. Idan za ka gabatar da wannan a aji ko a rediyo, ka faɗi duka biyun, ka kuma kula da harshenka, domin tashoshin Katsina ana kama su a ƙauyukan ƙetare, kuma mai sauraronka na can wataƙila surukin wani ne a nan.

Shafukan ƙarshe ka bar su a buɗe domin abubuwan da ba su kammala ba. Ɗaya na tattaunawar ECOWAS da AES, wadda aka fara a Bamako a watan Mayu na 2025, musamman abin da za a yanke a kan kwana casa'in na zirga-zirga da harajin kaya. Ɗaya na makomar sefa. Ɗaya kuma na layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A wannan shafin ka riƙa rubuta inda aikin ya kai a ɓangarenmu, da ko an fara shimfiɗa ƙarfe a ɗan yankin da ya rage tsakanin iyaka da Maraɗi, da kuma wace hukuma ce aka ce za ta duba kaya idan jirgi ya fara tsallakawa.